Murhun da Ke Cinye Hayaƙinsa

A ƙauyukan ƙasar Norwe, in ana son sanin wanda ya iya hura wuta, ba sai an shiga gidansa ba. A tsaya a waje da safiyar hunturu, a ɗaga kai a dubi bututun da ke kan rufi. Gidan da bututunsa ke tuttuɗo da hayaƙi mai kauri, to ɗayan uku ne: ko itacen bai bushe ba, ko murhun tsohon yayi ne, ko kuwa mai gidan bai iya ba. Gidan gwani kuwa wuta tana ci bal-bal a ciki, yara suna wasa a ƙasa ba rigar sanyi, amma a bakin bututu ba abin da ido zai gani sai ɗan rawar iska mai zafi, ko farin tururi da ke ɓacewa nan take.

Mutane ne da sanyi ya koya wa hankali. A garin Karasjok da ke can arewacin ƙasar an taɓa auna sanyin da ya kai digiri 51 ƙasa da sifili a shekarar 1886. Yau mafi yawan wutar lantarkinsu daga ƙarfin ruwa take fitowa, kuma da ita gidaje da yawa ke ɗumama ɗakuna, amma duk da haka murhun itace bai bar gidajensu ba. Guguwa takan kayar da turakun lantarki, dusar ƙanƙara ta toshe hanya, kuɗin wuta ya yi tashin gwauron zabi a tsakiyar hunturu. A irin wannan dare, tsibin faskaren da ke bayan gida shi ne rufin asiri.

Tushen gwanintar duka magana ɗaya ce: hayaƙi itace ne da ya tsere bai ƙone ba. Mun saba ɗaukarsa a matsayin dole, har muna cewa ba a wuta sai da hayaƙi, alhali asara ce ake kallo tana tashi sama. In aka jefa gungume cikin wuta, abu uku ke faruwa a jere. Da farko ruwan da ke cikinsa ya tafasa ya fita, kuma duk zafin da aka kashe wajen korar ruwan nan bai ɗumama kowa ba. Daga nan, in zafi ya kai wajen digiri 200 zuwa 300, jikin itacen ya fara rugujewa yana sakin iska mai kamawa da wuta haɗe da tururin kwalta. Harshen wutar da muke gani wannan iskar ce take ci, itacen kansa ba ya yin harshe. Daga ƙarshe sai gawayi ya rage, ya zama garwashi, ya ci a hankali ba harshe ba hayaƙi.

To a mataki na biyun nan aikin yake, domin fiye da rabin ƙarfin da ke cikin itace yana cikin wannan iskar. Ita kuwa tana da sharaɗi. Ba za ta kama sosai ba sai zafi ya kai kusan digiri 600, sai ta samu isasshiyar iskar shaƙa ta gauraya da ita, sai kuma an ba ta ɗan lokaci a wuri mai zafin kafin ta wuce. In ɗaya ya ɓace cikin ukun nan, sai ta sulale ta bi bututu a matsayin hayaƙi. Wata ta fita ta shiga huhun maƙwabta, wata ta huce a hanya ta manne a jikin bututu ta zama baƙin danƙo mai ƙyalli. Danƙon nan makamashi ne da ke jiran rana, kuma ran da ya kama, gobarar cikin bututu ke nan, wadda kan tsattsaga tubali ta lashe rufin gida.

Duk wanda ya taɓa zama da a-ci-bal-bal da fitilar ƙwai ya riga ya san rabin ilimin. Kananzir ɗaya ne, lagwani kusan iri ɗaya, amma ɗaya tana turnuƙe ɗaki ta baƙanta hanci, ɗaya tana ba da haske tas. Ƙwan fitilar ne ya tsare zafi ya kuma tsara wa iska hanyar da za ta bi ta iske harshen wuta. Abin da maƙeran murhun zamani suka yi wa itace ke nan, sai dai da ƙarfe da tubali da lissafi mai zurfi.

In ka buɗe ƙofar irin wannan murhu, akwati ne na zubin ƙarfe ko na farantin ƙarfe mai kauri, an lulluɓe cikinsa da tubali marar nauyi mai riƙe zafi. Amfanin tubalin shi ne kada ƙarfe ya tsotse zafin wutar tun ba ta kai inda ake so ba. A sama akwai wani allo da aka gitta, wanda ke hana hayaƙi miƙewa kai tsaye zuwa bututu, dole sai ya yi kwana ya dawo ta gaba, ya daɗe cikin zafi. Iska kuma ba ta ƙofa ɗaya take shiga ba. Akwai ta ƙasa, wadda ake buɗewa lokacin kunnawa. Akwai wadda ke gangarowa ta bayan gilashin ƙofa tana share shi, shi ya sa gilashin yake zama garau. Sai kuma wadda ta fi burge ni, wadda ake bi da ita ta wasu hanyoyi a bayan murhun har ta yi zafi, sannan ta fito ta jerin ƙananan huji a saman ɗakin wutar, daidai inda hayaƙi ke taruwa. Da iska mai zafin nan ta haɗu da hayaƙin, sai ya kama. Mai kallo ta gilashi zai ga wuta hawa biyu: ɗaya a kan itace, ɗaya kuma a sama tana lilo ita kaɗai, shuɗi-shuɗi da ruwan ɗorawa, ba ta taɓa komai. Hayaƙin ne ke ci.

A Amurka wasu maƙeran sun bi wata hanyar. Sukan sa wani ɓangare na tangaran mai ƙananan ramuka a hanyar hayaƙi, an shafe shi da ƙarfe mai daraja irin su filatinam. Wannan shafin yana sa hayaƙi ya kama tun zafi yana wajen digiri 260, don haka ana iya barin wutar tana ci a hankali na sa'o'i masu yawa ba ta turnuƙe ba. Sai dai tangaran ɗin yakan gaji bayan wasu shekaru a sauya shi, kuma in aka ƙona shara ko fentaccen katako yakan lalace da wuri.

Ba don Allah kawai masana'antu suka yi wannan ƙoƙari ba, doka ce ta matsa musu. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta fara sa wa sababbin murahu iyakar hayaƙi a 1988, ta yi ta ƙara tsanantawa, har a 2020 iyakar ta sauko zuwa wajen giram 2 na ƙurar hayaƙi a awa ɗaya. Norwe ta kafa tata dokar a 1998, cewa duk sabon murhun da za a girka kada ya fitar da fiye da giram 10 na ƙura a kowane kilo na itacen da ya ƙone. Tarayyar Turai ta bi sahu da nata ƙa'idojin daga farkon 2022. Tsofaffin kamfanoni irin su Jøtul, wanda tarihinsa ke komawa 1853, sun sake fasalin cikin murahunsu ko da surar waje ta kasance yadda kakanni suka san ta.

Tunanin ma ba sabo ba ne. A ƙarni na 18 masu narkar da ƙarfe a Suwidin suna cinye dazuka don yin gawayi, gidaje kuma suna ƙona itace a buɗaɗɗen murhu ba lissafi, har hukuma ta tsorata. A 1767 Carl Johan Cronstedt da Fabian Wrede suka fito da fasalin murhun tubali mai dogayen hanyoyi a ciki, hayaƙi mai zafi ya hau ya sauka ya sake hawa, yana barin zafinsa a jikin tubali kafin ya fita. A hura shi da safe, a hura da yamma, ɗaki ya wuni ya kwana da ɗumi. Har gobe akwai irinsa suna aiki a tsofaffin gidajen Stockholm.

Ribar a fili take in aka yi lissafi. Buɗaɗɗen murhun bango, irin wanda ake gani a finafinai ana zaune gabansa, kaso ƙalilan na zafin itace yake bari a ɗaki, galibi bai wuce kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari ba, kuma yana zuƙe iskar ɗakin da ta riga ta yi ɗumi ya watsar waje. Tsohon murhun ƙarfe mai ƙofa yakan riƙe wajen rabi. Na zamani yakan kai kashi 75 zuwa 80, wani ma ya wuce. Kilo ɗaya na busasshen itace yana ɗauke da ƙarfin da zai yi daidai da hita mai wat 1,000 ta yi aiki wajen awa huɗu. Wanda ya sauya tsohon murhu da sabo zai ga tsibin da a da yake ƙarewa tun hunturu bai fita ba yanzu yana kai shi har ya yi saura. Sara ya ragu, dako ya ragu, toka ta ragu, mai share bututu ya zo ya tarar da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Amma fa duk wannan rabin labari ne, kuma a ganina ƙaramin rabin. Murhu ba ya hura kansa. A ba wanda bai iya ba murhun da ya fi kowanne tsada, cikin mako guda zai mayar da gilashinsa baƙi ƙirin.

Gwani tun kafin hunturun bana ya fita yake fara shirin na baɗi. Ɗanyen itace kusan rabinsa ruwa ne, wato wanda ya cusa kilo goma na ɗanye a murhu ya zuba wa wutarsa ruwa lita biyar da hannunsa. Abin da ake nema shi ne danshi ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Don haka ake sare bishiya a ƙarshen hunturu, kafin ruwa ya hau jikinta, a yanka ta gunduwa-gunduwa daidai tsawon murhu, a faskara tun tana ɗanya domin a lokacin ta fi jin gatari. Itacen da mutanen Norwe suka fi ji da shi wani ne mai farin ɓawo da suke kira bjørk. Yana da kyakkyawan garwashi, ba ya tartsatsi, amma ɓawonsa ba ya barin ruwa ya ratsa, saboda haka in aka bar shi bai faskaru ba sai ya ruɓe ta ciki maimakon ya bushe. Ana jera faskaren a kan katako don kada ya taɓa ƙasa, a bar 'yan kafofi iska ta ratsa, a rufe sama kawai a bar gefe a buɗe. Watannin Afrilu zuwa Yuni su ne na bushewa, lokacin da iskar ƙasar ta fi rashin danshi. Itatuwa masu tauri sosai kan nemi shekara biyu.

Yadda suka ɗauki wannan aiki da muhimmanci har yakan ba baƙo dariya. A 2011 marubuci Lars Mytting ya fitar da littafi mai suna Hel ved, a kan sara da faskare da jerawa da busarwa kawai, ya zama ɗaya daga littattafan da aka fi saya a ƙasar, aka fassara shi zuwa harsuna da dama. A watan Fabrairun 2013 gidan talabijin na ƙasa, NRK, ya yi shiri na awa 12 a kan itace, awa huɗu ana hira da nuni, awa takwas kyamara na kallon wuta tana ci a murhu ana ƙara mata faskare. Kusan mutum miliyan ɗaya suka leƙa, a ƙasar da a lokacin mutanenta ba su fi miliyan biyar da kaɗan ba. Masu kallo har ƙorafi suka aiko a kan yadda aka jera itacen, wasu na cewa ɓawo ya kalli sama don ya tare ruwa, wasu na cewa ya kalli ƙasa don danshi ya fi saurin tashi. Ni dai ina ganin in akwai rufi a sama, kowa ya bi ra'ayin babansa.

Gane busasshe ma ilimi ne. A haɗa faskare biyu a buga, busasshe zai yi ƙara mai kaifi, ɗanye kuwa ya yi wani dum. Bakin busasshe yakan tsattsage, nauyinsa ya ragu. Wasu kan shafa ruwan sabulu a baki ɗaya su hura ta ɗaya bakin, in kumfa ya taso to hanyoyin cikin itacen sun buɗe, ruwa ya fita. Yanzu akwai 'yar na'ura mai allura biyu da ake soka wa itace ta nuna yawan danshi, kuma wanda ya iya ba ya soka ta a waje, sai ya faskara guda ya auna tsakiyarsa.

Sai kunnawa, inda gwanin yau ya saɓa wa kakansa. Kowa ya taso ya ga ana sa ƙirare a ƙasa, manyan itace a sama, a cinna daga ƙasa. Masu binciken wuta suka ce a juya. A shimfiɗa manyan faskare biyu ko uku a ƙasa da ɗan tsakani, a gitta matsakaita a kansu, a ɗora ƙirare a can sama, a sa ɗan abin kunnawa ko guntun ɓawo a cikin ƙiraren, a cinna daga sama. A buɗe duk hanyoyin iska, a bar ƙofa a ɗan sage na 'yan mintuna. Wanda bai taɓa gani ba zai rantse ba za ta kama ba, tunda wuta sama take yi. Amma ga hikimar. In an cinna daga ƙasa, ƙaramar wuta tana gasa manyan itace masu sanyi da ke kanta, suna sakin hayaƙi, hayaƙin ya tashi ba abin da zai ƙona shi, kuma a mintunan farkon nan ne murhu ya fi ƙazanta iska. In daga sama ne, zafi yana sauka a hankali, duk iskar da itacen ƙasa ya saki dole ta ratsa ta cikin harshen wuta kafin ta fita, sai ta ƙone. Ga shi kuma wutar tana kusa da bakin bututu, ta ɗumama shi da wuri ya fara zuƙa, tsibin ma ba ya rushewa ya danne ta. Sai a zauna a sha shayi, ba fifita ba tari.

Bayan ta kama, sauran aikin karatun wuta ne. Ba a ƙara itace sai na farko ya zama garwashi, a ja garwashin gaba, a ɗora faskare biyu ko uku, a buɗe iska har su kama sosai, sannan a rage. Ragewar tana da iyaka, kuma iyakar ita ce harshen wuta. Muddin akwai itacen da bai zama gawayi ba, dole a ga harshe. Babban laifin da aka gada daga zamanin tsofaffin murahu shi ne a cika murhu maƙil da dare, a toshe iska, don a tarar da garwashi da asuba. Wutar da aka shaƙe haka tana kwana tana dafa itace, tana cika bututu da danƙo, tana aika guba unguwa, tana kuma samar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Gwani ya gwammace ya sake kunnawa da safe, aikin minti biyu ne. Saboda wannan ne ma ake shawartar mai saye kada ya ɗauki murhun da ya fi ƙarfin ɗakinsa. Babban murhu a ƙaramin ɗaki zafi zai yi yawa, mai gida ya yi ta shaƙe shi. Gara ƙarami da zai riƙa ci da ƙarfinsa.

Murhun da kansa yana ba da shaida a kan mai shi. Tubalin ciki in ya yi fari, wuta ta yi zafin da ya kamata, in ya yi baƙi akwai gyara. Toka ta zama laushi mai haske, ba dunƙulen gawayi. Akan bar 'yar toka a ƙasa don ta riƙe zafi, wadda aka kwashe kuma a zuba a bokitin ƙarfe mai murfi, domin garwashi kan yi kwanaki a raye cikinta. Ba a ƙona roba, ko kwali mai fenti, ko katakon da aka jiƙa da magani, ko itacen da teku ta turo mai gishiri. A Norwe ma'aikatan kashe gobara na ƙaramar hukuma ne ke zagayawa suna share bututu suna duba murahu, kuma doka ta wajabta na'urar ƙararrawar hayaƙi a kowane gida.

Kada yabon ya wuce gona da iri. Murhu mafi tsafta ma yana fitar da ƙura fiye da lantarki ko gas, kuma alƙaluman da ake bugawa a takardar talla an samo su ne a ɗakin gwaji, da busasshen itace, a hannun ƙwararru. A birni mai cunkoso irin Landan, inda kusan kowane gida ke da wata hanyar ɗumama, likitoci suna da hujja in suka ce murhun ƙawa ba dole ba ne. Ingila ta hana sayar da ɗanyen itace a ƙananan ɗauri tun watan Mayun 2021 saboda haka. Inda murhun zamani ya fi cancanta shi ne inda daji yake kusa, ana dasa abin da aka sare, gidaje ba su cushe ba, kuma lantarki na iya yankewa a daren da sanyi ke kisa. A can, wanda ya cire tsohon murhu ya sa sabo, ya kuma koyi sarrafa shi, ya taimaki aljihunsa da huhun maƙwabcinsa lokaci guda.

Mu a nan sanyinmu bai kai a girka irin wannan akwati ba, sai fa ko a tuddan Jos da Mambila. Amma akwai abu ɗaya da ya shafe mu kai tsaye. Duk dabarar murhun nan an gina ta ne a kan cewa wuta tana cikin rufaffen akwati, gubarta kuma tana da hanyar fita waje. Kaskon garwashin da ake shiga da shi ɗaki a daren hunturu ba shi da ko ɗaya, kuma rashin hayaƙinsa ba shaidar lafiya ba ce, gawayi yana fitar da kabon monoksaid ko ido bai ga komai ba. Mai karatu, in za a ji ɗumi da garwashi bana, a bar taga a buɗe, kuma a fitar da kaskon waje kafin kowa ya kwanta.